Neman Makwancin Yaya a Kan Teku

Ana sallame sallar asuba muka bar Changli, unguwarmu a Tamale, ni da Mma da Kawu, ƙanenta, wanda ya yi furfura a fataucin goro. Ku da kuka dame ni da tambayar yadda na yi hutun makaranta, har wasunku na tsokanata wai na je shan iskar teku irin na matan Turawa, ga yadda abin yake. Na hau jirgin ruwa kam. Amma ba iska muka je sha ba.

Yayana soja ne. Ina ƙarama aka kwashe su zuwa yaƙin Bama, kuma ko ƙasar bai gani ba. Zazzaɓi ya kama shi a cikin jirgi bayan sun bar Takoradi, ya cika kafin su kai Ikko, wato Legas. Wani abokinsa da ya dawo ne ya ba mu labari: an naɗe shi a tamfol, limamin sojoji ya sallace shi, aka zura shi cikin ruwa. Abin da mutumin ya iya tunawa game da wurin bai wuce cewa ana hango wani farin gini da bishiyoyin kwakwa daga nesa ba. Tun daga ranar Mma take cewa an bar ɗanta ba a rufe shi ba. Da na fara aikin koyarwa ban tsaya tambayarta abin da take so ba, na riga na sani. Kafin mu fito ta ɗebi jar ƙasa a ƙofar ɗakinsa, ta ƙulle a farin ƙyalle, ta soke a ƙugunta.

Motar katako muka shiga, irin wadda gwiwarka ke gaisawa da bayan na gabanka har ku zama 'yan uwa. Muka wuce Salaga rana ta fara zafi. A Yeji, da aka ɗora motar a kan jirgin fito, Mma ta runtse ido tana ta salati har muka haye kogin. Kawu ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan ai ruwan alwala ne. Ki adana salatinki, za ki buƙace shi a gaba." A Atebubu doya ta yi araha har mutum ya ji kunyar yin ciniki, muka ci ta gasasshiya da manja. Daga nan sararin da na saba da shi ya fara tsukewa, bishiyoyi suka riƙa tsawo suna haɗe kai a sama. A gangaren Mampong direba ya ce kowa ya yi addu'ar da ya iya. Kiristocin da ke baya suka kama waƙar coci, mu muka kama hailala, motar ta sauko tsakanin addinai biyu lafiya lau.

Daga Kumasi jirgin ƙasa ne ya kai mu bakin teku. Ruwan sama ya raka mu ta cikin kurmi, mata na miƙo lemo da ayaba ta taga a kowace tasha. Muka sauka a zangon Sekondi, dab da matsayar jiragen Takoradi, gidan mai masaukin Kawu. Kafin in ga teku na ji shi. Wani irin nishi ne mai nauyi da ba ya yankewa, kamar wata babbar dabba na barci a bayan gari. A taswirar ajinmu shuɗi ne, kwance, mai ladabi. Wanda na gani toka-toka ne, kuma ba shi da ɗaya gaɓar. Mma ta daɗe tana kallonsa, hannunta a kan ƙullin.

Washegari muka shiga zagayen ofisoshin jirage, domin kamfani uku ne ke da jirgi mai zuwa Ikko a kwanakin nan, kuma kowane falken goro a zango yana da nasa gwanin.

Na farko shi ne farin jirgin Ingilishi mai ɗaukar wasiƙu. A bangon ofishinsu an liƙa hotunan cikinsa: ɗakin cin abinci mai madubai, kujerun kwanciya a jere suna fuskantar ruwa. Lauyoyi da manyan akawuna kan shige shi don hutu kawai, su je su dawo. Ko mu masu zaman fili, wato waɗanda ke shimfiɗa tabarma a saman jirgi, an yi mana rumfa mai tsabta da famfon ruwa, sai dai ba a yarda a hura wuta ba, kuma kuɗinsa ya fi na kowa. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta tafi wurinsa. Tun ina kwalejin horon malamai nake mafarkin tsayawa a jikin ƙarfen irin wannan jirgi, iska na wasa da mayafina. Akawun, wani Bafante, ɗan ƙabilar bakin tekun nan, mai lakataya, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Mma, wannan jirgi ba ya wasa. Yana tafiya can tsakiya. Ka rufe ido, ka buɗe, Legas!"

Mma ta ce, "Ɗana, ni ba rufe ido na zo yi ba."

Na biyu na Faransawa ne. Ya fi sauƙin kuɗi, kuma kowace safiya ana raba burodi dogo kamar taɓarya. Kawu shi yake so, don ma'aikatansa na barin fatake su yayyafa wa huhun goro ruwa. Amma an ce warin giya ba ya barin filinsa, kuma daga Takoradi ba ya kusantar gaɓa sai Lome. Da muka tambayi ranar isowarsa, akawun ya ɗaga kafaɗa ya kalli silin, kamar a can aka rubuta.

Na uku ko hoto ba shi da shi. Baƙin jirgin kaya ne mai tsatsa, ɗauke da siminti da gishiri da kwanon rufi. Da yake garuruwan da ke kan hanya ba su da matsayar jirgi, yakan tsaya a gaban kowannensu ya jira kwale-kwale su zo su kwashi kaya, don haka da rana yake tafiya, kusa da gaɓa, a hankali. An yarda ka hura kurfotinka ka yi girki. Fatake sun tsane shi, goro kan bushe kafin ya isa. Kawu ya ce, "Wannan ba jirgi ba ne, jaki ne da ya koyi iyo."

Tambaya ɗaya Mma ta yi: "Ana ganin ƙasa daga cikinsa?" Aka ce ana gani har da mutanen da ke shanya komar kamun kifi. Ta ce shi za mu hau. Ranar da muka tashi farin jirgin na tsaye a matsaya, fitilunsa a goge, ana kaɗa masa badujala. Na dube shi sau ɗaya na kawar da kai.

Muna fita daga matsaya jirgin ya fara rawa, kuma Kawu mai yi wa mutane dariya shi ya fara rungumar bokiti. Muka shimfiɗa tabarma kusa da wata Bayarabiya mai fataucin atamfa, mace mai faɗi da murya, wadda ta kafa tukunya tun kafin a ɗaga anga. Mma kuwa ko jiri ba ta ji ba. Ta tsaya a jikin ƙarfe ta kafa wa gaɓa ido.

Da hantsi farin gini ya bayyana, a kan dutse, kwakwa kewaye da shi. Elmina ce. Mma ta damƙi hannuna har na ji zafi. "Shi ne?" Ban kai ga amsawa ba sai ga wani ya ɓullo a gaba, na Cape Coast, fari shi ma, da kwakwarsa. Washegari ga wani. Bayansa ga wani. Tsofaffin ganuwoyin Turawa ne, jere suke a gaɓar nan kamar haƙora. Na san da su, ina koyar da su a aji. Amma duk tsawon hanya na riƙa gaya wa kaina cewa idan mun zo, ɗaya zai bambanta, zuciya za ta gane shi. Babu wanda ya bambanta. A gaban kowanne jirgin kan tsaya, matuƙan kwale-kwale su iso suna waƙa, a sauke siminti, Mma ta juyo ta ce, "Shi ne?"

Bayan mun wuce Ankara, babban birni, Kawu ya ja ni gefe. Fuskarsa ta faɗa. Ya ce, "Ɗiyata, ki nuna mata ko wanne ne. Ke ce mai boko, idan kika ce nan ne za ta yarda. Kina so ta koma Tamale da ƙullin nan a ƙugu?"

Na yi niyya. A Keta, inda aka ce daga shi babu sauran farin gini a ƙasarmu, na matsa kusa da ita, na shirya kalmar a bakina. Ta juyo ta dube ni da idon da take dubana da shi tun ina rarrafe. Na ce, "Ban sani ba, Mma. Wallahi ban sani ba." Ta gyaɗa kai, ta koma kan tabarma ta zauna, ta juya wa ruwan baya.

Game da Ikko ba ni da abin da zan gaya muku. An ce birni ne mai gadoji da fitilu. Mma ba ta fita daga masauki ba, ni ma ban fita ba. Da baƙin jirgin ya gama lodi muka sake hawansa, kuma sai ga Bayarabiyar nan ta dawo da sababbin dilolinta.

Da safe, babu gini a gaɓa, babu komai sai yashi da kwakwa, na ga Mma ta tashi ta kwance ƙullin. Ta ɗebo ƙasa da yatsu uku, ta yi bisimilla, ta watsa. Iska ta dawo da ita gaba ɗaya cikin tukunyar miyar Bayarabiya.

Matar ta miƙe da ludayi a hannu. "Mama! Wane irin abu ne wannan? Miyata ta yi miki laifi?"

Kawu ya yi mata bayani a gajarce. Ta tsaya da ludayin a sama. Sai ta ajiye shi, ta kama hannun Mma ta zagaya da ita ɗaya gefen jirgin, inda iska ke fita, ta ture dilolinta da ƙafa ta yi mata wuri. Ta ce, "Nan za ki tsaya. Ni ma nawa bai dawo ba."

Daga nan Mma ba ta sake tambayata ba. Duk inda farin gini ya fito takan zuba kaɗan, inda babu ma takan zuba. Ƙasar takan yi ja a kan ruwa na ɗan lokaci, kamar lalle a tafin hannu, sannan ta nutse. Matan da ke filin suka karɓi aikin tsaron gaɓa, daga mai tankaɗe sai mai shayarwa kana jin, "Mama, ga wani!" Ƙasar ta ƙare ana hango hayaƙin Takoradi. Mma ta kakkaɓe ƙyallen a kan ruwa, ta ninke shi, ta shafa fatiha. A nan ne ta yi kuka, ni ma na yi, Bayarabiya ta fi mu duka.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, sararin arewa ya sake buɗewa a gabanmu. Idan ɗayanku zai hau teku ya nemi shawarata, zan ce ya fara sanin abin da zai je nema kafin ya dubi hotunan bango. Mai son hutu ya hau farin jirgi, mai goro ya jira na Faransawa. Mai neman wani nasa, sai wanda ya fi kowane jinkiri, kuma ko shi ba ya alkawarin komai.

Da muka iso Changli maƙwabta suka cika tsakar gida da sannu da zuwa. Wata tsohuwa ta matso ta tambaya a hankali, "To, kin ga kabarin?"

Mma ta ce, "Na gani. Yana da faɗi."