Roba ta Huɗu

Mai sayar da robobi tana gane shi tun daga nesa: dogo, riga a goge, takalmi a jiƙe, garin alli a yatsu. Malamin makaranta ne, ba shakka. Yana ƙwanƙwasa gindin kowace roba, yana kasa kunne.

"Malam, ta huɗu ke nan a daminar bana. Rufin ɗakin ne?"

"Shi ne, Hajiya. Ba ni wadda ba ta ƙara, yara su samu barci."

"Ka gaya wa mai gidan ya gyara mana!"

"Maƙwabcina ya gaya masa. An gyara, an yi fenti, an ninka haya. Yanzu wani ne a ɗakin."

Ya rungumi robar, yana duban hadarin da ke tasowa.