Gwaggo Mailafiya da Tsohuwar Raga

Ranar da jirgin su mijina Mukhtaru ya dawo gaɓar Lis, garin bakin teku kudu da Makka, babu shi, ina bakin ƙofa ina ɗinke masa raga. Abin da na iya ke nan, ni matar masunci.

Na taho Makka takaba gidan wansa Abdulwahab a unguwar Nakkasa, can kan tudu. Kafin arba'in an gama magana: babbar 'yata Ɗaso ta zauna nan, ƙanwarta Zali a kai ta Madina wajen dangi, tunda ba ni da abin ciyar da su. Ban yi musu ba. Da me zan yi?

Sai wata tsohuwa, Gwaggo Mailafiya, ta hawo tudun nan da sandarta. Shekara ashirin, kowace Alhamis takan shiga mota zuwa bakin teku, ta kwaso tsofaffin ragar da aka yar, ta wanke, ta koya wa matan masunta saƙa jakar da alhazai ke zuba takalmi in za su shiga Harami. Ko teku ta hana kifi, gidajen nan suna ɗora tukunya.

Ta kama hannuna ta ga kantar ɗinkin raga.

"Ya binti, yalla," ta ce da Larabci. "'Yata, maza tashi zaune."

"Gwaggo, takaba nake. Ba na fita."

"Wa ya ce ki fita? Hannun ma takaba yake?"

Jakata ta farko na saƙa ta da faɗin idon ragar da na saba, irin na kamun manyan kifi. Ta jefa silifa ciki, ya zurare ƙasa.

"Wannan sai takalmin raƙumi," in ji ta. Ranar na fara dariya.

Wata huɗu ita ke kai saƙata shagunan unguwar Aziziyya. Ranar da na fita takaba ta juye buhun jakunkuna gaban Yaya Abdulwahab.

"Ga sana'arta. Bar mata 'ya'yanta."

Ya daɗe yana jujjuya ɗaya, sannan ya ce, "Shi ke nan, Gwaggo."

Gwaggo, bana idonki ya gaji kin ajiye aiki. Ke ce mai tsince abin da aka yar, raga ko mutum. Allah ya saka miki. Duk wadda ta iya wani abu, ta hau tudu ta koya wa wata.

Ni dai kullum da safe, Ɗaso da Zali na shirin makaranta, da allurar ragar Mukhtaru nake ƙullin farko na saƙa.