Takalmanta a Kujerar Gefe

Tun hatsarin da muka yi ranar bikin kammala karatunmu, ko ƙarar inji na ji sai gwiwoyina su kama rawa. Yau ma ina tsaye a bakin gidan mai, na kasa shiga bas.

Sai ga wata jar mota mai ƙofa biyu, cikinta na neman shafar ƙasa, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Dattijuwa ce ke tuƙi, furfura har a gira. Takalmanta na kujerar gefe, tana taɓa totur da yatsun ƙafa, idanunta a lumshe kamar mai sauraron ruwan sama.

"Mama, a kashe injin mana," in ji mai zuba mai.

"Bari in ƙoshi da muryarsa tukuna, ɗana. A kujerar baya na tsufa."

Wataƙila mijinta bai taɓa ba ta makulli ba. Wataƙila 'ya'yanta na can suna cewa ta zautu.

Ana rufe tanki ta fizgi motar da ruri, ta ɓace. Na duba gwiwoyina, shiru. Kwandasta na kira, na ɗaga ƙafa na shiga.