Ranar da Gwaggo Ta Kifa Ɗana a Cinyarta

Ina yarinya ɗanya shakaf a lokacin, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, na koma gidanmu a wani ƙauye kusa da Gozaki domin haihuwar fari. Na haifi namiji, kuma kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, ko kallonsa ba na yi a gaban mutane. In an miƙo shi sai in kau da kai, mata suna ta yabon kunyata, ni kuwa ina jin daɗi. Ungozoma ke masa wanka, ga shi idonta ya riga ya yi rauni. Da cikinsa ya kumbura ya fara amai, aka ce ruwan da ake ɗura masa ne ya yi yawa. Na lura ban taɓa ganin kashi a tsummansa ba, amma ina zan iya buɗe baki a kan ɗan fari?

Gwaggona ta zo barka daga Malumfashi, mace mai faɗa wadda ba ta ɗaukar wargi. Tana karɓarsa ta kifa shi a cinyarta ta duba, sai ta yi salati, ta ce yaron nan ba shi da dubura, wurin a shafe yake. Babana ya ce a kira wanzami ya tsaga. Ta ce muddin tana numfashi aska ba za ta taɓa shi ba, tunda ba wanda ya san inda hanjin ya tsaya. Ta goya shi, ta ja hannuna, muka hau motar auduga zuwa Funtuwa, daga nan sai asibiti a Zariya.

Likitan, Allah ya saka masa da alheri, ya buɗe ƙofa a gefen cikin yaron inda kashi zai riƙa fita, ya ce sai ya yi ƙwari za a gyara masa ta ainihi. Wata da watanni gwaggo ke wanke wurin tana shafa man kaɗe, ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Ta tilasta ni na koya, tana min tsiya wai in kira kunyar ta zo ta goge masa. Aiki na biyu ya yi kyau, yau ɗan nan magidanci ne. Allah ya jiƙan gwaggo, ban ga jarumar mace kamarta ba.

Iyaye mata, ku dubi jaririnku ko'ina tun ranar haihuwa; in bai yi kashi ba, ku nufi asibiti. Ni har yau ban taɓa faɗin sunan ɗana ba, amma duk jikan da aka haifa mini, kafin a yi guɗa na riga na kifa shi a cinyata.