Gaisuwar da Baba Ya Riƙe

Mahaifina ba ya wuce mutum. Daga ƙofar gidanmu a Farin Dutse ta ƙasar Gwaram zuwa masallaci ba wata tafiya ba ce, amma Baba tun kiran farko yake fita, don sai ya tambayi kowa gida da gona da gajiyar shekaranjiya. Ina jin ko akuya ce ta yi atishawa sai ya ce mata sannu. To wannan mutumin ne aka ce ya kwanta a ƙarƙashin na'ura ya yi shiru.

Ina koyarwa a Birnin Kudu lokacin da tarinsa ya ƙi jin magani. Aka yi hoto, aka ga ƙari a huhunsa na dama, aka tura mu wani babban asibiti a birni don a yi masa gashi, wato a riƙa harba wa ƙarin wani haske da ido ba ya gani har ya mutu. Likitan ya ce mini wahalar ɗaya ce: ƙarin ba ya zama wuri guda, yana hawa yana sauka tare da numfashi. Don haka na'urar tana lura da ƙirji, ba ta sakin hasken sai ƙarin ya zo daidai inda aka auna.

Kafin su taɓa Baba sai da suka gwada a kan wani ƙirjin roba mai inji a ciki, wanda ke kwaikwayon numfashi. Suka sa masa wata 'yar takarda mai canza launi, suka haska shi, suka ciro ta suna duba ko hasken ya sauka inda ake so, kuma gwargwadon da ake so. Mu da muka taho tun daga Gwaram muna kwana a baranda, ga roba ta riga mu shiga ko kati ba ta yanka ba. Kuma ta ci jarrabawa. Ba abin mamaki ba ne, ba ta da surukai, ba ta da maƙwabta, babu wanda ya taɓa koya mata ladabi.

Aka shigar da Baba shi kaɗai, aka rufe ƙofa mai kaurin katanga, muna kallonsa ta allo. Mai sarrafa na'urar wata baiwar Allah ce 'yar gidan mutunci, kuma abin da ya kashe mu ke nan. Ta matso lasifika ta ce, "Sannu Baba, za mu fara." Baba ya amsa, ya tambaye ta aiki, ya tambaye ta iyayenta, ya nemi sanin 'yar wane gari ce. Layin numfashinsa a allo ya kama tsalle, na'ura ta tsaya cak. Ta ce ya ja numfashi a hankali, ya sa mata albarka, na'ura ta sake tsayawa. Washegari aka ce kowa ya kame bakinsa. Baba ya ji tsit, ya ɗauka an manta da shi, ya ɗaga murya ya yi sallama.

Likitan ya ja ni gefe. Ya ce idan numfashin bai daidaita ba, dole su faɗaɗa wurin da za su haska don kada ƙarin ya kuɓuce, kuma hakan zai ƙona lafiyayyen huhu. Baba zai iya rayuwa, amma zuwa gona sai dai ya ji labari, ko masallacin ma sai da hutu a hanya. Tsoro ya kama ni sosai.

Na faɗa wa Baba komai. Ya kalle ni ya ce, "Mutum ya yi maka magana ka ƙyale shi? Ai wannan sai gawa."

Na ce, "Ita muke gudu, Baba."

Muka shiga atisaye a baranda. In gaishe shi, ya cije leɓe, ya yi jarumtar da ba ta wuce ƙiftawar ido, sannan amsa ta kufce masa. Masu jinya na kusa da mu suka yanke hukuncin cewa malamin makaranta ya zare, yana horar da ubansa rashin kunya.

Ranar da za a yanke shawara, likitan ya ce ni zan yi magana a lasifikar, don idan Baba ya iya ƙyale ɗansa zai iya ƙyale kowa. Na matsa na ce, "Baba, ina wuni?"

Shiru. Layin ya ci gaba da hawa da sauka a natse, na'ura ta kama aiki, kowa a ɗakin yana murmushi. Abin da muke nema ke nan, kuma ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamarsa ba. Tunda na fara magana a duniya ban taɓa gaishe shi ya yi shiru ba, sai na ga yadda wata rana za ta kasance. Na juya wa mutane baya ina share ido.

Da aka buɗe ƙofa ya fito yana ɗaura maɓallin rigarsa a karkace. Bai kalli likita ba, ni ya nufo.

Ya ce, "Lafiya lau. Ya gajiya?"