'Yar'azumi da Mai Katse Mata Waƙa

Idan ruwan kogin Haɗeja ya ja da baya, aka yanke shinkafar fadama, ƙungiyarmu ta Dandalin Bakin Kogi za ta yi bikin al'adunta a cikin garin Haɗeja. Sunana Bushira, ni ce sakatariya, kuma ni nake bin ƙauyuka ina haɗo masu wasa. Na riga na samu 'yan kokawa daga Kafin Hausa, masu algaita biyu, mai garaya ɗaya daga Jahun, da wasan kwaikwayo uku na matasanmu. Akwai tseren kwale-kwale ma, in ruwa ya bar mana inda za a yi shi. Kujeru ɗari huɗu suna hannu, rumfa shida. Kiɗan mata ne kawai ya rage, kuma duk tsohuwar da na tambaya suna ɗaya take ba ni: 'Yar'azumi mai kiɗan ruwa, can bayan Guri.

Ga wanda bai taɓa gani ba, kiɗan ruwa ba shi da wani tarkace. A cika babban masaki da ruwa, a kife ƙwarya a kai tana yawo, a riƙa bugunta da 'yan sanduna. Ƙarar ba ta tashi sama kamar ta kalangu. Ƙasa take bi, ta shigo wa mutum ta tafin ƙafa.

Ƙauyen nasu ba ya shiguwa da mota a wannan lokaci, sai da wani masunci mai suna Kolo ya ɗauke ni a kwale-kwalensa. Mun bi wata siririyar hanya da aka sare a tsakiyar kacalla, ciyawar nan mai tsayi da ta cinye rabin fadama. Da muka fito fili, sai ruwa ya shimfiɗe har inda ido ya ƙare, furen bado fari a kwance a kansa, gajimare kuma a ƙarƙashinmu kamar sama muke tuƙawa. Na fara ƙirga balbelun da ke kan wata giginya da ruwa ya ci rabinta. Na kai goma sha tara suka tashi gaba ɗaya, sai na haƙura na tsoma hannu a ruwa.

Na same ta a bayan ɗaki tana juya kifi a kan banda, hayaƙi yana lulluɓe ta yana sakinta. Doguwa ce, siririya, da zanen goshi da ya fara shafewa. Bayan gaisuwa ta ba ni tabarma da tarwaɗa mai zafi, sannan ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce mai bikin birni? An ce tafe kike da sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta."

"Ni ce, Iya."

"To ci kifi tukuna. Bikin ba zai ƙone ba."

A cikin azumi aka haife ta, shi ya ba ta sunan. Mahaifinta masunci ne, irin masu kifa ciki a kan gora su bi ruwa da ragar homa. Ta ce kiɗanta na farko ba a ƙwarya ta yi shi ba, a kogi ne, lokacin da 'yan mata ke zuwa wanka su jera har ƙugu a ruwa suna marinsa da tafi. A nan ta haɗu da Kulu, wata 'yar gajeruwa da iyayenta suka zo daga wajen Tafkin Cadi da jirgi ɗaya da raga. 'Yar'azumi ta ɗauko waƙa, ba ta kai ƙarshen baitin ba baƙuwar ta faɗo ciki da amshi. Suka yi faɗa a ranar, har da jan gashi. Washegari kuma tare suka koma kogi.

Daga nan ba a ƙara gayyatar ɗaya ba tare da ɗayar ba. Sun yi aure a unguwa guda, katanga ce tsakaninsu. Ba sunan da ba su raya ba, ba kamun amaryar da ba su je ba, daga Guri har ƙauyukan da sai an yini a ruwa. 'Yar'azumi ce mai ƙwarya da waƙa, Kulu ce uwar masu amshi. Shekarar da ambaliya ta cinye musu ɗakuna, a kan tudu suka zauna da mata da yara, suka yi ta kiɗa da ruwan da ya kore su. Daga baya manyan lasifikoki suka shigo biki, gayyata ta ragu. Sannan, damina biyu da suka wuce, Kulu ta faɗi a bakin murhu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Ɗanta Muttaka ya tafi da ita gidansa a Haɗeja. Tun ranar masakin 'Yar'azumi yake kife a kan rufin ɗaki, kaji na hawa.

"Ba ni da masu amshi," in ji ta. "Waƙa kuwa ba amshi, kuka ce."

Ni wannan bai yi mini kama da matsala ba. Muna da 'yan mata takwas a ƙungiya, duk masu murya, wasu ma suna kwaleji. Na roƙe ta ta rera mini amshin a waya in kai musu su haddace. Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin. Can ta kira Kolo ya sauko mata da masakin, ta shafa shi da tafin hannu ta share ƙurar, a hankali kamar mai shafa bayan jariri.

"Ina so in ƙara jin sa sau ɗaya kafin numfashina ya ƙare," ta ce. "Amma fa in bai yi ba, kada ki riƙe ni."

Ranar gwaji ta iso gari da masakinta, a tsakar gidanmu aka yi, da hantsi. 'Yan matan sun haddace tsaf, na saurare su da kaina. Radiyya ce a gaba, mai zaƙin murya, Jannat na gefenta. Suka durƙusa suka gaishe ta, suka zauna a jere sun lanƙwashe ƙafa. 'Yar'azumi ta kife ƙwarya a ruwa, ta ɗan ɗaga gefenta ta saki iska, ta buga, ta ƙara saki, har sautin ya yi mata. Bugun farko, tantabarun maƙwabta suka tashi. Ta ɗauko:

"Ruwa ya zo bai yi sallama ba,
ya kwana a ɗakina, ya sha furata,
da safe ya bar mini laka da kifi a ƙofar..."

Ta ja kalmar ƙarshe, ta ja, ta ja, tana kallonsu. Su ma suna kallonta, bakinsu a shirye. Sai da muryarta ta tsinke ta yi shiru sarai, sannan suka shigo gaba ɗaya, gwanin daɗi:

"Baƙo ne, a ba shi hanya."

A baiti na biyu ta fara haki. A na uku tari ya sarƙe ta, ta ajiye sanduna.

"Ku kashe ni za ku yi? Me kuke jira?"

"Jira muke ki gama, Iya," in ji Radiyya.

"In gama? Wa ya ce miki ana gamawa? Wannan waƙar ba ta da ƙarshen baiti, 'yar nan. Ƙarshen a bakinki yake. Ki fizge shi daga bakina tun ina ciki, ni kuma in samu in sha iska a ƙarƙashin muryarku. Kulu ko rabin kalma ba ta bar mini."

Aka sake. Na tsaya a bayanta ina ɗaga musu hannu, amma ni ma ban san wurin ba, don ba wuri ɗaya ba ne. Wani baitin ta kan ja shi, wani ta yanke, gwargwadon iskar da ta rage mata. Radiyya takan buɗe baki, sai ta ga furfura a gabanta tana magana, sai bakin ya rufe da kansa.

"Wallahi Iya ba zan iya ba," ta ce tana dariya, ido ya kawo ruwa. "A gidanmu in ka katse babba, kafin ka rufe baki mari ya sauka."

"Ni kakata ludayi take jifa da shi," in ji Jannat.

"Allah ya yi wa iyayenku albarka, sun yi tarbiyya," in ji 'Yar'azumi. "Sun kuma ɓata mini waƙa."

Ta tsame ƙwaryar ta girgiza, ta ce a nemo mata motar Guri. Na ce tunda ta shigo gari, ai ta leƙa Kulu, gidan Muttaka ba nisa. Sai a lokacin na san ba ta taɓa zuwa ba. Kifi take aikawa, da gaisuwa.

"Macen da tun muna 'yan mata ba ta taɓa barina na kai ƙarshen zance ba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "In je in zauna in yi ta magana har in gama, tana kallona? Ban iya ba, Bushira."

Ta dubi ruwan masakin yana lafawa har rassan darbejiyarmu suka fito a cikinsa. Sannan ta gyara mayafi.

"Ɗauko masakin. Ku ma ku taso, masu ladabi."

Amira, matar Muttaka, ita ta tarbe mu. Kulu tana jingine da bango a inuwar rumfa, an tokare ta da matashi, hannun dama a kwance kan cinya kamar ba nata ba. 'Yar tsohuwa ce ƙarama, amma idanunta a raye suke, suna yawo. Da ta ga mai shigowa, gefen bakinta na hagu ya motsa.

'Yar'azumi ta zauna ta fara gaisuwa. Ya jiki, ya ƙarfin jiki, mutanen gida suna gaishe ki, ruwa bana ya kai har gindin tsamiya, akuyar nan taki ta haifi biyu. Ta faɗa duka, ba wanda ya tare ta. Da zancen ya ƙare ta rasa inda za ta sa idonta. Sai ta juya ga Amira.

"'Yata, a cika mini wannan da ruwa."

Wurin ba shi da faɗi, don haka 'yan matan suka matsu a kan tabarmar Kulu, Radiyya ta faɗo daidai hagunta. Ƙwarya ta hau ruwa. Da sautin ya fara bin ƙasa, na ga Kulu ta lumshe ido, kanta yana ɗan rangaji kamar wadda ke cikin jirgi. Hasken rana ya faɗa masakin, ya koma kan rufin rumfar yana rawa, har ka ce kogin ne ya biyo su cikin gari ya kwanta a saman kawunanmu.

"Ruwa ya zo bai yi sallama ba,
ya kwana a ɗakina, ya sha furata,
da safe ya bar mini laka da ki..."

Tas! Hannun hagun Kulu ya sauka a gwiwar Radiyya. Don firgita, amshin ya kuɓuce mata tun ba ta yi shawara da kunyarta ba, sauran suka rufa mata baya. 'Yar'azumi ta ja iska, doguwa, har kafaɗunta suka ɗaga, ta shiga baiti na biyu ta ƙarƙashin muryoyinsu kamar kifi ya bi ƙarƙashin bado. Tas! Aka sake fizgewa. Ba wanda ya tsaya. Waƙar ta yi ta zagayawa ba a ganin bakinta, wannan na shiga kafin waccan ta fita. Matan maƙwabta suka cika ƙofa, wata da muciya a hannu. Na yi niyyar ƙirga baitocin don in san tsawon lokacin da zan ware musu, ban san inda na bar lissafin ba.

Da ta ajiye sanduna ba ta haki. Ta share fuska da gefen mayafi ta harari ƙawarta.

"Uwar katsalandan. Allah ya karɓe bakin, kin koma da hannu. A baiti na biyar ma kin yi gaggawa."

Kulu ta yi wani sauti a maƙogwaro, kafaɗarta ɗaya tana girgiza. Amira ta ce rabon da su ji dariyarta tun kafin ciwon.

Muttaka ya yarda mahaifiyarsa ta zo bikin. Shi zai kawo ta da kansa a keke mai ƙafa uku, mu kuma za mu shimfiɗa darduma da matasai a kan dandamali maimakon kujeru, don hannunta ya kai inda yake so. Za su yi wasa ranar Asabar ta bikin, bayan la'asar, tsakanin mai garaya da wasan kwaikwayo na ƙarshe. Mata su zo da wuri, gaban rumfa ta biyu ne wurin da aka fi jin kiɗan a ƙafa.

'Yar'azumi ba ta koma Guri ba tukuna, ta aika wa Kolo ya kula mata da banda. Kullum da hantsi ana gwaji a gidan Muttaka. Jiya Radiyya ta nemi su yi musayar wuri da Jannat, wai gwiwarta ta kumbura. Tana yunƙurin tashi Kulu ta damƙe bakin zanenta, ba ta saki ba sai da ta koma ta zauna.