Gidan da Ba a Ƙwanƙwasa wa Ƙofa

A unguwarmu, da zarar an shiga watan Janairu, ba mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan Varnado. Mai kawo wasiƙu yakan tsaya a bakin shinge ya ɗaga murya. Matan coci sukan zagaya ta baya su leƙa tagar kicin. Har fasto, wanda bai saba jiran kowa ba, sai ya zauna cikin motarsa ya danna ham har Odessa, matar gidan, ta fito. Ba wanda ya kafa dokar. Wata shekara ce wani mai tallar inshora, baƙo, ya zo ya daddage ya buga ƙofar iya ƙarfinsa. Clement Varnado ya buɗe, sanye da kwat da lakataye, ido cike da ƙwalla, ya rungume bawan Allah har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Da aka gane inshora ce ta kawo shi, Clement ya ba shi haƙuri, ya koma ɗaki, bai fito ba sai washegari. Tun daga ranar kowa ya shiga taitayinsa.

Clement tsohon ɗan ƙwallo ne, irin ƙwallon nan ta ture-ture da ake sa hular kwano ana jifa da hannu, kuma sunansa ya daɗe yana kaiwa zagayen ƙarshe na waɗanda ake dubawa don shiga Zauren Gwanaye, inda ake karrama fitattun tsofaffin 'yan wasa. Al'adar masu Zauren kuwa kowa ya san ta, a Janairu suke yanke hukunci: wanda aka zaɓa, a zo har gida a ƙwanƙwasa masa ƙofa, daga baya a sa masa kwat mai ruwan zinare a ƙera siffar kansa da tagulla. Wanda aka bari, a kira shi a waya a ba shi baƙi. Shekara da shekaru waya ce ke ƙara a gidan Varnado, kuma Odessa ce ke ɗauka.

Odessa ba ta iya zama ba, haka Allah ya yi ta. 'Yar mai suyar tarwaɗa ce a bakin hanyar Yazoo, ta tashi tana juya kifi a mai da hannu ɗaya tana miƙa canji da ɗayan. A nan Clement ya fara ganinta, yana ɗalibi, ƙato har ya fi ƙofar shagon faɗi, ga kunya kamar amarya. Ya ci faranti uku bai ce uffan ba. Ita ce ta gaji ta tambaye shi ko kifin ya zo aure ko mai kifin. Har yau in ta ba da labarin takan ce bai amsa ba, ƙarin burodin masara ya nema.

Da ya shiga ƙwallon kuɗi ta bi shi can arewacin ƙasar, garin da sanyi ke fasa leɓe. Aikinsa a layin gaba yake, cikin ƙattin nan da ke duƙawa su tare wa mai jifan ƙwallo kada abokan hamayya su kayar da shi. Ba sa taɓa ƙwallo, ba a kiran sunansu a lasifika sai sun yi laifi. Mai jifan da Clement ya tsare yawancin shekarunsa shi ne Hosea Gaddis, ɗan siriri mai baki kamar rediyo, shi ma ɗan jiharmu. A filin wasa jama'a na bin ƙwallo da ido, Odessa kuwa gwiwoyin mijinta take kallo, a tsaye, tana kai da kawo a bayan kujeru har masu zama su yi mata tsaki.

Clement yana da wata ɗabi'a da duk ƙungiyar ta sani. In an tashi wasa, kafin ya cire ko hular kwano, sai ya je wurin Hosea a ɗakin sauya kaya, ya kama kafaɗunsa ya juya shi ya duba bayan rigarsa. In fes take, ba tabon ciyawa ba laka, ke nan ba wanda ya wuce ta gabansa ya kayar da mai jifa. Ranar sai ya ci abinci kamar mutum huɗu. In kuwa akwai tabo, ko an ci wasan, ko laifin wani ne, Clement ba zai sa komai a baki ba, zai yi ta zagaye falo yana taɓa bango. Shi ya sa Odessa ba ta taɓa tambayar wa ya ci. In ya shigo sai ta ce, rigar fa? Amsar ce ke gaya mata ko ta zuba abinci ko ta rufe tukunya.

Da gwiwoyin suka ƙare suka dawo gida. Ta kama aikin girki a makarantar firamare, shi kuma ya koyar da yara wasa har ya gaji. Masu zaɓen Zauren 'yan jarida ne, mutanen kirki in ka same su ɗaya ɗaya, amma lissafi suke so, wane ya jefa kaza, wane ya cafe kaza. To me za ka lissafa wa mutumin da duk aikinsa shi ne kada wani abu ya faru? Clement bai taɓa ƙorafi ba. Kowace shekara in Odessa ta ajiye waya ta girgiza masa kai, sai ya kwance lakataye ya ce Allah ya kai mu baɗi, ya fita ya share ganyen da ba su zubo ba.

Sai kuma mantuwa ta shigo. Da farko makulli a cikin firij, abin dariya. Daga baya ya kira 'yarsu da sunan ƙanwarsa da ta rasu. Wata rana aka same shi a bakin kantin kayan gini da ya saba zuwa, yana tsaye da hula a hannu, bai san ta ina gida yake ba. Likita a birnin Jackson ya nuna wa Odessa hoton ƙwaƙwalwa ya yi dogon bayani. Ita ba ta buƙaci bayani ba, ta san dalili, ta ji ƙarar hulunan kwano na haɗuwa tsawon ƙuruciyarta. Abu ɗaya ta roƙi Allah daga nan, a ƙwanƙwasa ƙofar nan tun Clement yana iya sanin me ake nufi da ita.

A bana ma wayar ce ta yi ƙara. Odessa ta riga ta rage mata murya, ta ɗauka a kicin. Mutumin ya yi magana da ladabi kamar kullum, ya ce saura ƙiris, ta yi godiya. Ta shiga falo ta girgiza kai. Clement ya kwance lakataye ya ce Allah ya kai mu baɗi. Ta ɗauka an wuce wurin.

Bayan abincin rana sai ga shi ya fito daga ɗaki, ya sake ɗaura lakatayen, ya jawo kujera ya fuskanci ƙofa.

"Dessa, har yanzu ba su zo ba?"

Ta sake gaya masa. Fuskarsa ta faɗi sabuwa fil, kamar bai taɓa ji ba, don a wurinsa bai taɓa ji ba ɗin. Washegari haka, jibi haka. Kowace safiya sai ta kashe masa rai da bakinta, kafin la'asar ya manta ya sake shiri. Ranar da ya yi kuka kamar yaro, Odessa ta ce ta bari. Da ya sake tambaya ta ce, tukuna. Ƙarya ta farko ke nan da ta taɓa yi masa.

Ashe tukunar nan ta fi gaskiyar cuta. Mutumin da aka horar tun yana yaro ya duƙa kada ya motsa ko gira sai ya ji kira, ya iya jira fiye da kowa. Clement ya kafe a kujerar nan, tafukan hannu a kan gwiwa. Ya daina zuwa coci, kada su zo ba ya nan. Ya daina zama a tebur, wai kada su same shi da maiƙo a baki. In ta kawo faranti ya ɗan taɓa ya ture. Fabrairu ta wuce, aka shiga Maris, furanni suka buɗe a shinge, maƙwabta har yanzu suna kira daga waje. Wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Shi yana zaune kamar dutse, ita kuwa ta zama kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ta goge tagar da ta goge jiya, ta kwashe kwanuka daga wannan kabad ta mayar wancan, ta toya burodin masara ta rarraba wa unguwa don ba mai ci a gida. Tsoro take ji, tsoron cewa a kujerar nan zai ƙare.

Hosea Gaddis ne ya kawo shawara. Yanzu tsofaffin motoci yake sayarwa a gari na gaba, da sanda yake tafiya, bakin dai yana nan. Shi ba a taɓa ko ambatar sunansa a Zauren ba, kuma yakan ce hakan ya fi masa, launin zinare ba ya karɓar fatarsa. Ya zagayo ta kicin, ya leƙa falo ya ga abokinsa, ya dawo ya zauna. Sannan ya ce ya san wani tela, a samo kwat ruwan ɗorawa a liƙa mata tambari, shi zai zo ya ƙwanƙwasa a matsayin ɗan aiken Zauren, tunda dama tsofaffin 'yan wasa ake turowa. Clement ya sa, ya yi murna, ya tashi daga kujera.

Odessa ta ce masa ya ji tsoron Allah. Ta ce akwai ranakun da kan Clement ke washewa tas, in ya gane kwat ɗin bogi ce, ya gane matarsa da amininsa sun mai da shi abin tausayi, da wane ido za ta dube shi?

"Dessa," in ji Hosea, "mutumin nan ya sha duka saboda ni har kansa ya zama haka. Ni ban iya komai ba sai sayar wa mutane abin da bai kai yadda na faɗa ba. Bar ni in yi masa abin da na iya."

Ta kore shi da tsumman goge hannu. Amma da safiyar da ta tarar Clement ya kwana a kujerar, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi fita sai da almakashi, ita da kanta ta kira Hosea. Ta ce Asabar da rana, kuma ya yi shiga ta mutunci, ban da rigunan nan nasa masu zanen aku.

Ranar Asabar ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta soya tarwaɗa, ta dafa ganye, ta haɗa shayi mai ƙanƙara, duk da ta san wataƙila a zubar. Sau biyu ta ɗauki waya za ta ce a fasa. Ta labule ta ga motar Hosea ta tsaya. Ya fito cikin farar riga mai guga, sanda a hannu ɗaya, jakar kwat a ɗayan, yana hawa matakala yana motsa baki, yana bitar jawabinsa. Maƙwabciyarsu ta tsallaken titi ta fito baranda ta dafe ƙirji ganin mutum zai ɗaga hannu ga ƙofar Varnado.

Aka ƙwanƙwasa.

Clement ya ɗago kai ya dubi matarsa. Ta kasa haɗa ido da shi, ta ce ya tashi mana. Ya miƙe da ƙyar, gwiwoyi na ƙara, ya gyara lakataye, ya taka har ƙofa ya buɗe. Odessa na bayansa.

Hosea ya buɗe baki, jawabin ya gudu. Mutumin da ya taɓa sayar da motar da ba ta da giyar baya ya tsaya riƙe da jaka kawai. Clement ya zuba masa ido, ya daɗe. Bai ko kalli jakar ba. Can sai ya miƙa manyan hannuwan nan ya kama kafaɗun Hosea, a hankali saboda sandar, ya juya shi. Ya duba bayan rigar daga wuya har ƙugu, ya shafa ta da tafin hannu, ya kaɗe wani abu da ba ya nan.

"Ba wanda ya taɓa ka?"

Hosea ya amsa yana fuskantar titi. "Ko ɗaya, Babba. Wa ya isa, kana nan?"

Clement ya saki wata ajiyar zuciya da Odessa ta rabu da ji tun suna arewa. Ya sa yatsa ya sassauta lakataye, ya zare ta ya rataya a marikin ƙofa.

"Fes take, Dessa. Zuba abinci."

Ya ci faranti uku. Hosea ya zauna kusa da shi yana zuba surutu kan wasannin da rabinsu ba a yi ba, Clement yana gyaɗa kai yana suɗe ƙaya. Jakar tana can baranda inda aka jingine ta, ba wanda ya tuna da ita. Odessa ta tsaya a bakin murhu tana kallon muƙamuƙin mijinta na aiki, sai ta ji ƙafafunta sun gaji, ta jawo kujera ta zauna.

Ba yarinya ba ce, ta san gobe da safe zai iya samun lakatayen nan a marikin ƙofa ya sake ɗaurawa. Da ta raka Hosea mota, ta ɗauki jakar ta jefa masa a kujerar baya, ta ce ya mayar wa telansa. Ya tambaye ta to yanzu yaya za a yi.

"Farar riga nawa gare ka?"

Ya ce biyu, ɗaya ma ta jana'iza ce.

"Kawo su in riƙa wanke maka," in ji ta. "Gobe ka zo kafin abincin rana. Kada ka zagayo ta kicin. Ka ƙwanƙwasa."